Wa Ke Biyan Kuɗin Jinƙai?

A Nguru da Gashuwa, da garuruwan da ke kan hanyar da ta haɗa su ta ratsa Jajimaji, hedkwatar ƙaramar hukumar Karasuwa, ikkilisiyoyi da ƙungiyoyin unguwa sukan buɗe ƙananan wuraren koyon karatu waɗanda ba a kafa su domin neman riba ba, kamar yadda ake yi a sauran garuruwan Arewa. Sau da yawa ɗaki biyu ne ko uku a gefen majami'a, da allo da 'yan bencina, da malamai uku ko huɗu. Da safe yara ƙanana su koyi karatu da lissafi, da yamma kuma manya da matan aure su zo ajin yaƙi da jahilci. Wani ɗan kwamiti na dattawa da iyaye ne ke riƙe da asusun.

Irin wannan kwamiti yakan tarar da tambaya guda tana jiransa a ƙarshen kusan kowane zango. Ga yaron da mahaifinsa ya kasa biyan kuɗin makaranta, ga kuma malamar da ta shiga wata na biyu ba ta karɓi albashi ba, abin da ke cikin asusu kuwa ba zai ɗauki su biyun ba. A kori yaron ne, ko a roƙi malamar ta ƙara haƙuri? Mutanen kirki da yawa ba sa ko jinkiri, sai su ce a bar yaron, gama ai domin irinsa aka buɗe wurin. Amsar tana da daɗin ji, amma akwai abin da ta ɓoye. Kowane jinƙai yana da mai biyan kuɗinsa, ya kuwa kamata a san ko wane ne shi, a kuma san ko an nemi yardarsa.

Abin da ya sa wuraren suke da daraja

Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro a Nijeriya. Duk da haka, abin da doka ta faɗa bai gama isa kowane ƙauye ba, jihar Yobe kuwa ta sha wuya a kan ilimi fiye da yawancin jihohi. Bayan harin da aka kai makarantar Mamudo a watan Yuli na 2013, gwamnatin jiha ta rufe makarantun sakandare na wani lokaci. A watan Fabrairu na 2014 aka kashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi. A watan Fabrairu na 2018 aka sace 'yan mata 110 daga makarantar Dapchi, garin da ke kan hanyar Damaturu zuwa Gashuwa. Ko da Gwamna Mai Mala Buni ya hau mulki a 2019, sai ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimin firamare da sakandare.

A ƙasar da ta ga waɗannan abubuwa, ɗan ajin da ke kusa da gida, wanda iyaye suka san malamansa, abu ne mai tamani ƙwarai. In ya mutu, ba lalle ba ne yaran su koma wata makaranta. Waɗansu talla za su koma, waɗansu kiwo, waɗansu bakin kogi. Saboda haka lafiyar asusun irin wannan wuri ta wuce zancen ma'aji da littafinsa, ta zama zancen makomar yara.

Ƙasar da kuɗi ke zuwa da lokacinsa

Mutanen wannan yanki manoma ne da masunta da makiyaya da 'yan kasuwa. Kuɗi yakan shigo gida da kaka, bayan an yanke gero, an roro wake, an kaɗe riɗi, ko kuma an girbe shinkafar fadama. Kalandar makaranta kuwa ba ta san kaka ba. Zangon farko yana farawa a watan Satumba, kafin amfanin gona ya kai kasuwa. Zango na uku yana faɗowa daga wajen Afrilu zuwa Yuli, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ɗan abin da ya rage kuma ana tanadinsa domin iri da taki da 'yan ƙwadago. Mahaifin da ya kasa biya a watan Yuni yana iya zama mai gaskiya wanda zai biya a watan Nuwamba, amma cikin malami ba zai jira Nuwamba ba.

Ita ma fadamar Haɗeja da Nguru, wadda ta ciyar da yankin tun kaka da kakanni, ta sauya hali. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan bai ƙara zuwa bisa tsohuwar al'adarsa ba, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Wata shekara ruwa ya yi ƙaranci, wata shekara ya yi ɓarna, kamar ambaliyar 2022 da ta shafi Gashuwa da ƙauyukan da ke gaɓar kogi. Duk shekarar da haka ta faru, kuɗin makaranta ne farkon abin da iyali suke jinkirtawa.

Sai kuma tsadar da ta taso daga nesa. Bayan an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Garin da yake nesa da Kano da Damaturu yakan ji irin wannan tashi a kan kowane kwalin alli da kowane buhun siminti. Albashin malami da bai motsa ba tun 2022 ya ragu ke nan, ko da ba wanda ya rage masa ko kwabo.

Ɗan lissafi

Domin a ga al'amarin sarai, a ƙaddara wani wurin koyo, na misali kawai, mai yara 80, kowane yaro yana biyan naira 6,000 a zango. In duka sun biya, za a tara naira 1,440,000 a shekara. Malamai huɗu, kowannensu yana karɓar naira 25,000 a wata, za su ɗauki naira 1,200,000. Alli da ruwan sha da littattafai da gyaran rufi su ɗauki naira 200,000. Abin da zai rage naira 40,000 ne kacal.

To, a ce kwamiti, saboda tausayi, ya yafe wa yara 20. Kuɗin da zai shigo ya ragu da naira 360,000, asusu kuma ya sami giɓin naira 320,000. Mai sayar da alli ba zai ba da kayansa kyauta ba, kafinta ma haka. Wuri ɗaya ne kaɗai giɓin zai iya faɗawa ba tare da hayaniya ba, wato albashin malamai. Naira 320,000 kuwa ta fi albashin wata uku na malaman nan huɗu gaba ɗaya. Ashe dattawa ne suka yanke shawarar yin alheri, su ne kuma iyaye za su yi wa godiya, amma malaman da suka fi kowa ƙaramin samu a wurin su ne suka biya, ba tare da an tambaye su ba.

Muryar tausayi da muryar littafin kuɗi

Masu cewa a bar ƙofa a buɗe suna da hujja mai nauyi, bai kuwa kamata a rena ta ba. Suna cewa aikin alheri da ya fara ƙirga yara kamar buhunan gero ya riga ya ɓata. Suna tuna cewa manyan ayyukan taimako da yawa sun fara ne ba ko anini, da masu su sun tsaya jiran cikar asusu da ba a yi kome ba. Suna kuma tsoron abin da ido ya sha gani: makarantar da aka gina da baikon talakawa, bayan 'yan shekaru kuɗinta ya yi tsadar da 'ya'yan masu baikon ba sa iya shiga. Wannan tsoro gaskiya ne, wurin koyon da ya manta da matalauci kuma ya yar da dalilin kafa shi, ko da asusunsa cike yake.

Akan kawo sunan George Müller a wannan muhawara. Mutumin ƙasar Jamus ne da ya fara riƙon marayu a birnin Bristol na Ingila a 1836, kafin rasuwarsa a 1898 kuma marayu sama da dubu goma sun bi ta gidajensa, bai taɓa zuwa wurin mutum ya roƙe shi kuɗi ba. Amma masu ambatonsa sukan tsallake rabin labarin. Müller ya ƙi cin bashi, ba ya fara gini sai kuɗin ginin ya shigo hannu, yana rubuta kowace kyauta komai ƙanƙantarta, yana kuma buga rahoton abin da ya shiga da abin da ya fita kowace shekara. Bangaskiyarsa da littafin kuɗinsa tafiya ɗaya suka yi. Wanda ya ɗauki dogararsa ya bar horonsa, ya ɗauki gora ne ya bar igiya.

Albashin da aka riƙe bashi ne, ko da ba a sa masa wannan suna ba. Bambancinsa da bashin banki shi ne, banki yana da lauya, malama kuwa tana da kunya. Ba za ta kai ikkilisiyarta ƙara ba, ba za ta so a ce ba ta da ruhun hidima ba, sai ta je ta ci bashin masara a kasuwa, 'ya'yanta su ɗauki nauyin da aka sauke wa 'ya'yan wani. Shari'ar Musa ta lura da irin wannan rauni tun da daɗewa. A Littafin Firistoci sura 19 da Maimaitawar Shari'a sura 24 an hana ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannun mai aiki, dalilin kuwa shi ne talaka ne, ransa yana kan abin. Yakubu ma a sura ta biyar ta wasiƙarsa ya yi kashedi mai tsanani a kan hakkin masu girbi da aka danne. Ba a keɓe mai aikin alheri daga wannan umarni ba.

A watan Yuli na 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya ya tashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000. Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka ƙaramin wurin koyo ya kuɓuta daga hukuncinta. Lamiri kuwa ba shi da irin wannan togiya. In wurin bai iya biyan da yawa ba, aƙalla abin da aka yi alkawari ya fito a ranar da aka yi alkawarinsa. In kuma malami ya ga dama ya sadaukar da wani ɓangare na ladansa, wannan baiko ne mai kyau, muddin shi ya furta da bakinsa bayan kuɗin ya shiga hannunsa. Abin da aka cire kafin ya gani ba a kiransa baiko.

Ajiya rashin bangaskiya ce?

Akwai masu ganin cewa kuɗi ya kwana a asusun aikin taimako alhali yara suna waje abin kunya ne. Manomin Karasuwa bai yarda da wannan ba a gonarsa. Ko a shekarar yunwa yakan ware iri ya ɗaure a rumbu, yara suna kallo, domin ya san in aka ci iri bana, baɗi ba wanda zai ci kome. Haka Yusufu ya shawarci Fir'auna a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin shekarun ƙoshi, ba wanda kuma ya taɓa lasafta wannan a kan rashin dogara ga Allah.

Ƙasashe masu arziki ma sun koyi darasin da tsada. A birnin Landan an kafa wata ƙungiyar taimakon yara mai suna Kids Company a 1996, ta shahara da cewa ba ta mayar da yaro baya. Kuɗi masu yawa sun bi ta hannunta, amma kusan ba ta ajiye kome domin ranar wahala ba. A watan Agusta na 2015 ta rufe faɗuwa ɗaya, 'yan kwanaki bayan gwamnati ta ba ta fam miliyan uku, yaran da suka dogara gare ta suka wayi gari ƙofa a kulle, ɗaruruwan ma'aikata kuma suka rasa aiki. Kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya zargi rashin ajiyar a 2016, ko da yake babbar kotu ta wanke shugabannin ƙungiyar a 2021 daga ƙarar da aka kai su. Wannan wankewar ita ce ta ƙara wa darasin ƙarfi: ba sai da ɓarawo aikin alheri ke rushewa ba, masu kyakkyawar niyya ma suna iya kai shi ƙasa.

A nan gida an ga kwatankwacin haka a 2020, lokacin da aka rufe makarantu daga watan Maris har wajen wata shida saboda annobar korona. Kuɗin makaranta ya tsaya cik, malaman makarantu masu zaman kansu da yawa suka zauna ba albashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wurin koyon da ya tara ajiyar da za ta biya malamansa zango guda, yana tarawa da kaka a hankali, ya yi wa yaransa alkawarin cewa ambaliya ɗaya ba za ta rufe musu aji ba.

Ajiya ma tana da iyaka. Kuɗin da ya wuce bukatar zango ɗaya ko biyu, aka bar shi yana ta hauhawa alhali rufi yana yoyo kuma marayu suna gida, ya tashi daga tanadi ya koma rowa. Ma'aunin shi ne a faɗi adadin da ake nufin ajiyewa, da dalilinsa, da sharaɗin taɓa shi, kowa ya ji.

Littafin da aka buɗe

Asusun da ba a buɗe littafinsa ba, ba a iya sanin lafiyarsa. A Littafin Sarakuna na Biyu sura 12, an ga yadda kuɗin gyaran Haikali ya yi shekaru yana shiga hannun firistoci gyara bai yiwu ba, sai firist Yehoyada ya huda murfin akwati ya ajiye shi kusa da bagade, in ya cika kuma magatakardan sarki da babban firist su ƙirga tare. Manzo Bulus ma, da zai aika gudummawa Urushalima, ya haɗa Titus da waɗansu 'yan'uwa da ikkilisiyoyi suka amince da su, don kada a sami abin zargi. Mutum biyu a kan akwati ba zargin ma'aji ba ne, kāriya ce ga sunansa, gama sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Tsagewar da ta fi yawa a ƙananan wurare ita ce haɗa tukunya. Kuɗin makaranta ya shiga asusun ikkilisiya, a ara a sayi kujeru ko a tari baƙi da niyyar mayarwa, ranar albashi kuma a tarar ba kome. Ba wanda ya yi sata, amma an ci amana. Dokar kamfanoni da ƙungiyoyi da aka sa wa hannu a watan Agusta na 2020 ta wajabta wa amintattun ƙungiyoyin da suka yi rajista su riƙe littattafan kuɗi, su kuma kai rahoto ga Hukumar Rajistar Kamfanoni. Shugabannin ikkilisiya da yawa sun yi adawa da sashen dokar da ya ba hukumar ikon dakatar da amintattu, suna kuwa da dalilansu. Sai dai wannan gardama ba ta shafi hakkin iyaye da masu baiko na ganin inda kuɗinsu ya tafi ba. Takarda guda da aka karanta a gaban jama'a ƙarshen kowane zango ta isa: abin da ya shigo, abin da ya fita, bashin da ake bin wurin, da bashin da wurin yake bi.

Jingina da mutum ɗaya

Masu bi a wannan yanki 'yan kaɗan ne, da yawa daga cikinsu kuma aiki ko kasuwanci ne ya kawo su, tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930 har zuwa yau da ake da asibitin gwamnatin tarayya a Nguru da jami'ar tarayya da aka kafa a Gashuwa a 2013. Ma'aikaci kuwa baƙo ne, takarda ɗaya ta ishe shi ya tattara kaya. Wurin koyon da ya rataya a wuyan likita ɗaya mai hannu sake, ko wata ƙungiya ɗaya ta ƙasar waje, ransa yana hannun takardar sauyin wurin aiki. Tun a ƙarni na 19 Henry Venn, sakataren ƙungiyar mishan ta CMS, ya nace cewa aikin da zai daɗe shi ne wanda mutanen wuri suke ɗaukar nauyinsa da kansu, su kuma tafiyar da shi da kansu. Ƙaramar kyauta daga gidaje da yawa ta fi babbar kyauta daga gida ɗaya daɗewa.

A mayar da nauyin wurin masu shi

Amsar tambayar farko ke nan: ba yaron ne ya kamata ya fita ba, ba kuma malamar ce ya kamata ta biya ba. Jinƙan na jama'a ne, jama'a ce kuma za ta ɗauke shi ido buɗe. A koma ga lissafin nan na misali. Kujerar yaro ɗaya naira 18,000 ce a shekara, wato naira 1,500 a wata. Gidaje 20, kowanne ya ɗauki kujera ɗaya, giɓin ya rufe, malamai sun karɓi hakkinsu, ba a kori kowa ba. Zumuntar mata tana iya ɗaukar kujera biyu, matasa su ɗauki ɗaya. Mahaifin da ba shi da kuɗi a watan Yuni yana iya kawo kwanon gero ko wake da kaka, a ƙiyasta shi da farashin kasuwar ranar, a rubuta, ko kuma ya ba da kwana biyu na yaɓen katanga, ya shiga da mutuncinsa a matsayin wanda ya biya.

Wannan hanya tana da ɗacinta, domin za ta tilasta wa kwamiti ya faɗi yawan kujerun kyauta da zai iya ɗauka, wata rana kuma yaro na ashirin da ɗaya zai zo. Abin da ya dace a ranar shi ne dattawa su tashi su nemo gida na ashirin da ɗaya, su fara da nasu gidajen, maimakon su juya su dubi malama. Iyaye masu hali da suke jinkirta biya don sun san ba za a kori ɗansu ba, su ma su sani cewa daga tukunyar malama suke ɗiba.

Iyalin da ɗansu yake irin wannan wuri, ko suke sa baiko dominsa, suna da hakkin yin tambaya uku a taron iyaye, cikin ladabi: an biya malamai albashin watan jiya? Wata nawa wurin zai iya tsayawa in kuɗi ya daina shigowa? Su wane ne suke biyan kuɗin yaran da aka yafe wa? Kwamitin da ya iya amsa waɗannan ba tare da sunkuyar da kai ba, asusunsa yana da lafiya, ko da abin da ke ciki kaɗan ne. Ubangiji ya ba masu riƙon wannan amana hikima da gaba gaɗi.